Kofur Ya Ɓata A Cikin Gida

Auta,

Ina gaishe ki, ina gaida karatu. Da fatan makarantar nas ɗin nan ba ta ƙarasa ramar da ke ba. Mu nan kowa lafiya. Antinki tana gaishe ki, 'yarki kuma ta fara tafiya, tana bin bango tana ture duk abin da hannunta ya kai. Tunda sun hana ku riƙe waya sai ƙarshen zango, ga takarda na ba direban motar da ke bi ta wajenku ran Litinin. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun da ke riƙe biron a naɗe yake da bandeji.

Maganar Kofur ce. Kin san tun da Baba ya rasu muka taso muka dawo gidan, wata huɗu ke nan, karen nan bai taɓa sakin jiki da mu ba. Na ɗauka kewar ubangidansa ce, na ce shekara goma sha ɗaya ba wasa ba, a ba shi lokaci. To makonni ukun nan abin ya wuce kewa. Yana tafiya kai a ƙasa, yana gogar bango da haƙarƙari. Sau biyu ina kallo ya yi karo da durom ɗin ruwa har ya yi ƙara. In ya zo matakalar baranda sai ya tsaya yana ɗaga ƙafa yana mayarwa, matakala uku kacal da ya saba tsallake su gaba ɗaya. In na dawo daga kasuwar katako yakan yi ta min haushi a ƙofar gidan ubana, sai na daka masa tsawa sannan ya yi shiru.

Ran Alhamis yana kwance a baranda, na zo ɗaukar wani katako a bayansa, na dafa shi don ya matsa. Kafin in ɗauke hannu ya juyo ya kama ni. Ɗinki huɗu aka yi min, ga allurai ana ta sha. Kafinta da hannun dama a naɗe, kin san sai zaman kallo.

Maƙwabcinmu mai gyaran rediyo ya ce shi ba ya tantama, hauka ce, haka wani kare ya yi a layinsu na da. Na je wajen likitan dabbobi, ya ce in ɗaure shi kwana goma a sa masa ido. Yana nan a ɗaure jikin bishiyar tsakar gida.

Na san ke da Baba kun ɗauki karen nan tamkar ɗan gida, shi ya sa nake faɗa miki kafin ki ji a bakin wani. In abin da ake zato ne, ba zan ajiye shi a gidan da yarinya ke koyon tafiya ba.

Yayanki.

*

Yaya,

Na karɓi takardarka, na gode. Sannu da hannu, Allah ya sawwaƙe. Kada ka tsallake allura ko ɗaya, kuma kada garin katako ya shiga ɗinkin, na san halinka, gobe-gobe za ka ɗauki zarto. Ni lafiyata ƙalau, sai aikin ɗakin marasa lafiya da ya sa mu gaba. Ka gaida Anti, ka shafa min kan 'yata.

Yanzu maganar Kofur. Na karanta wasiƙar sau uku, kuma akwai abin da bai zauna min ba. Wane durom ne ya yi karo da shi? Durom ɗin ruwan gidanmu yana bayan ɗakin girki tun ina firamare, kuma ba hanyar Kofur ba ce. Me kuma ya kai katako baranda? Da na baro gida, abin da ke barandar nan kujerar Baba ce, da ɗan teburinsa, da buhun da Kofur ke kwanciya a kai. Ka ce min kun dawo gida, ba ka ce min kun juya shi ba.

Mai gyaran rediyo yaushe ya zama likita? Mutumin da tun shekarar da Kofur ya kori kajinsa daga gidanmu yake neman hanyar da zai ga bayansa. Ka amsa min waɗannan: yana cinye abin da ke kwanonsa? Yana shan ruwa? Yawu na dalala daga bakinsa? Karen da ya haukace ba ya yin mako uku yana lashe kwano.

Ba zan ɓoye maka ba, Yaya, raina bai kwanta ba. Kai ba ka taɓa son karen nan ba. Ko Baba na raye, in ka zo gaisuwa ran Juma'a, a tsaye kake har sai an kore shi daga baranda. Yanzu wata huɗu da rasuwa, sai ga hauka ta sauko masa daidai lokacin da katako ke neman wurin zama. Ka faɗa min gaskiya, karen ne ya haukace, ko barandar kake so?

Abu ɗaya nake roƙo kafin in sake jin ta bakinka. Kada ka sake taɓa shi sai ka yi magana. Haka Anti, haka kowa.

Ƙanwarka,
Auta.

*

Auta,

Gaisuwa. Muna lafiya, hannu yana sauƙi, an cire ɗinki. Antinki ta ga wasiƙarki don a gabanta na buɗe, ta tashi ta shiga ɗaki.

Ranki ya daɗe, na ji umarni. Kada in taɓa shi sai na yi magana. Da wa zan yi maganar? Da ke? Ni da na goya ki a bayana na kai ki makaranta, yau sai na rubuto takardar neman izini, na jira direba ya je ya dawo, kafin in taɓa karen da ya huda min hannu? To na ji, malama nas.

Kin tambaya, ga amsa. E, na juya gidan. Na bar shagon da nake haya, aikina kuma ba a iska ake yin sa ba. Ɗakin Baba ya zama wurin ajiyar katako, baranda na kafa bencin aiki, kujerarsa tana ɗakin baƙi ba wanda ya zauna a kai. Durom na matso da shi bakin matakala don antinki ta daina zagaye da bokiti da yarinya a hannu. Wata guda ke nan da na yi haka, kuma ban ga laifin da na yi ba. Baba ne ya hana a gusar da ko tsintsiya a gidan nan, kin sani, in an ja kujera taku ɗaya sai ya yi ta faɗa har la'asar. Mun yi masa biyayya yana raye. Ba zan mayar da gidan gidan tarihi ba.

Sauran tambayoyinki: yana cin abinci sarai, yana shan ruwa, ba yawu. Kwana goma sun cika jiya bai mutu ba. Na faɗa wa likita, ya ce to da wuya a ce hauka ce. Amma wannan bai sauya komai a wajena ba. Kare ne da ke cizon mutanen gida ba dalili. Shekaranjiya 'yarki ta suɓuce wa uwarta ta nufi bishiyar, saura taku biyu ta dafa shi aka cafko ta. Antinki ta yini goye da ita. Ta ce ko kare ko ita da yarinya.

Na yi magana da likita. Zai zo ran Laraba ta sama, ya duba shi, ya yi masa allurar da za ta raba shi da wahala. An ce ba zafi.

Kin ɗora min karan tsana a kan karen nan, kin wanke ni tas kamar ba yayanki ba. Gaskiya ne ba na son kare. Amma ban taɓa zaton a idonki ni mutumin da zai ƙirƙiro wa dabba hauka ba ne saboda wurin ajiye benci. Abin ya yi min ciwo, na faɗa miki.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ina cikin sauri. Motar direban ta lalace a hanya, takardarka ta yi kwana biyar kafin ta iso ni, yau Asabar ke nan. Wannan na ba wata malamarmu da za ta bi ta garin a farkon mako, Allah ya sa ta riga Laraba.

Ba da ni na ce ka yi magana ba, Yaya. Da shi. Ka kira sunansa, ka bari ya juyo ya san kai ne, sannan ka taɓa shi. Abin da nake nufi ke nan, wallahi, ba izini ba.

Don girman Allah kafin likita ya buɗe jakarsa ka yi abu uku, ba za su ci maka minti goma ba. Ka sami auduga, ka tsaya a gabansa shiru, ka saki ɗan ƙulli ta gaban fuskarsa. Auduga ba ta ƙara, ba ta wari, karen da ke gani zai bi ta da ido har ƙasa. Sannan ka kai hannu kusa da idonsa a hankali, ba tare da ka kaɗa masa iska ba, ka ga ko zai ƙifta. Sannan ka shigar da shi inuwa ka haska masa tocila, ka dubi tsakiyar idon, musamman na hagu, ka ga ko baƙi ne ko ya yi fari-fari kamar ruwan da aka ɗiga wa madara.

In ka gama, ka kaɗa makullai a gefe ka ga yadda zai yi.

Na yi maka magana mai zafi, ka yafe min. Kada dai a yi allurar nan sai an duba idonsa.

Auta.

*

Auta,

Ina gaishe ki. Kowa lafiya. Malamarku ta kawo takarda ran Talata da hantsi, ta sha ruwa ta wuce.

Na yi abin da kika ce, antinki na tsaye a bayana. Na saki auduga sau biyar, ko gezau. Na kai hannu har na kusa taɓa gashin idon, bai ƙifta ba. Na haska tocila, na ga abin da kika ce, na hagu fari fat, na dama ya kusa kamo shi. Da na kaɗa makullan gida kuwa, sai ya miƙe zumbur, yana kaɗa wutsiya, yana jan sarƙa zuwa wajena, yana wani kuka ƙasa-ƙasa da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ya shinshina ƙafata, ya gane ba mai makullan da yake nema ba ne, ya koma ya kwanta. Antinki ta juya ta bar wurin.

Laraba likita ya zo. Ya ce yanar ido ce ta rufe masa gani, ba hauka ko ɗaya. Ya ce karen da ya makance a gidan da ya sani yakan haddace gidan, ya yi ta yawonsa ba wanda zai gane, sai ranar da aka gusar da kaya. Ya ce cizon tsoro ne, na dafa shi daga baya bai san da zuwana ba. Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce wannan yanar ba ta bana ba ce, ta kai shekara biyu.

Shekara biyu, Auta. Na zauna a kan benci ina ta juya maganar. Yaushe Baba ya fara hana a taɓa kujera? Yaushe ya fara rataya makullai a ƙugu yana yawo da su a cikin gida kamar mai gadin sito, muna masa dariya? Yaushe ya fara cewa "ga ni nan, Kofur" duk lokacin da zai fito daga ɗaki, muna cewa tsufa ne? Baba ya sani. Wannan na haƙura da shi.

Amma daga nan na sha jinin jikina, na ɗauko wasiƙunki na sake karantawa. A makarantarku mutane ake koya muku ko karnuka? Wa ya koya miki auduga? Me ya sa tun takardar farko, kafin kowa ya ambaci ido, kika ce a yi magana kafin a taɓa shi? Kuma ke da kike can, yaya aka yi kika san na hagu ya fi lalacewa?

Na shiga ɗakin baƙi na buɗe durowar teburin Baba. A can ƙarshe, bayan tabaransa, akwai 'yar kwalbar maganin ɗigawa a ido. An liƙa mata takarda, an rubuta "Kofur, safe da yamma". Baba ba ya rubutun boko, kin sani. Ni kuma na san rubutun wadda take ja wa harafin K ƙafa har ƙasan layi, don ni na koya mata riƙe fensir.

Ban bari an yi allurar ba ranar, amma kada ki ɗauka na soke. Likita ya ce makaho ko mai gani, wanda ya yi cizo don tsoro zai iya sakewa, yarinya kuma ba ta san a yi sallama kafin a dafa ba. Ya ce shawara tawa ce, zai dawo Asabar ta sama da jakarsa. Kafin nan ina son amsa ɗaya daga gare ki, ba tambaya ba. Kin sani ko ba ki sani ba?

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaida Anti da 'yata. Lafiyata ƙalau, in ban da kunya da ta hana ni sakat tun da na karanta takardarka.

Na sani. Rubutuna ne.

Ni na fara lura, shekara biyu da suka wuce. Baba ya jefa masa ƙashi kamar kullum, ya daki goshinsa ya faɗi, shi kuma ya tsaya yana neman sa da hanci. Muka ɗauke shi a ɓoye muka kai shi wajen wani likita a bayan gari, ba wannan naka ba. Shi ya nuna mana auduga, shi ya ba da maganin, ya ce ba zai warkar ba, sai dai ya rage masa ƙaiƙayi. Shi ya ce kada a gusar da komai a gida.

A hanyar dawowa Baba ya ce kada in faɗa wa kowa, musamman kai. Na ce don me. Zan rubuta maka yadda ya faɗa, tunda gaskiya ka nema. Ya ce, "Yayanki mutum ne mai lissafin amfani. Kujera in ta karye ba ta gyaruwa, itacen girki yake mayar da ita. Yana jure karen nan ne don yana gadi. Ran da ya ji ba ya gani, ba zai kwana a gidan nan ba." Ya sa na yi masa alkawari. A asibiti ma, kwana biyu kafin ya cika, kana waje wajen karɓo magani, ya sake tuna min.

Da kuka ce za ku dawo gidan, na yi niyyar faɗa maka, sai na tuna alkawari. Na ce ai Kofur ya haddace gidan, zai lallaɓa har in gama karatu in ɗauke shi. Ban kawo a raina za ka juya baranda ba, wauta ce tawa, ina kafinta zai zauna ba benci. Da takardarka ta farko ta zo, na gane abin da ya faru tun a layi na biyar. Maimakon in ce maka makaho ne, sai na hau ka da zargi don ka mayar da kaya inda suke ba tare da na karya alkawari ba. Na san ba ka ƙirƙiro masa hauka ba. Na sani lokacin da nake rubutawa.

Ɗinkin hannunka ni na jawo. Da 'yata ce ta dafa shi, ban san inda zan sa kaina ba.

Ba ni da bakin roƙo, amma ina roƙo. Saura min wata bakwai. Ka yi min haƙuri da shi wata bakwai, in na fito zan nemi inda zan zauna da shi. In kuma ka ga ba zai yiwu ba saboda yarinya, ba zan sake ce maka komai ba. Ka dai kira sunansa kafin likita ya taɓa shi.

Ƙanwarka,
Auta.

*

Auta,

Gaisuwa. Muna lafiya. Takardarki ta zo ran Juma'a, na karanta sau ɗaya, ya ishe ni.

Likita ya zo jiya Asabar kamar yadda ya ce. Ya ajiye jaka a kan bencina, ya tambaye ni me na yanke. Na ce ya ba ni minti biyar. Antinki na ƙofar ɗakin girki da yarinya a hannu. Na kalli karen, yana kwance ya ɗora haɓa a ƙasa, kunnuwa na bin duk inda aka yi motsi. Na ce wa likita ya yi haƙuri na sa shi zuwan banza.

Tun jiyan na kewaye gefen bishiyar da katako, tsayin ƙuguna, da 'yar ƙofa mai sakata a sama inda hannun yarinya ba ya kaiwa. Na kwance masa sarƙa. A cikin shingen nan ba abin da zai sake motsawa, kwanonsa ma na kafe shi da ƙusa. Antinki ta duba sakatar da hannunta, ta jijjiga, ta ce ta yarda. Ba sai kin nemi wani wuri ba bayan wata bakwai, nan ne gidansa.

Ke na yafe miki. Yarinya ce ke, uba ya ce ki yi shiru kin yi.

Abin da ya tsaya min a rai daban ne. Duk Juma'a ina zuwa gidan nan, shekara biyu, ina zama a gaban Baba, yana tambayata aiki, yana sa min albarka, ashe yana kallona a matsayin mutumin da ba za a faɗa wa kare ya makance ba. Na yi ta tambayar kaina ko ya yi gaskiya. Da an faɗa min a lokacin, wallahi ban san me zan yi ba. Amma jiya na sani sarai, likita na tsaye da allura, ga tabo a hannuna, ba ke ba Baba, ba mai hana ni, kuma na sallame shi.

Ke ga shi kin karanta a takarda, kin san abin da na yi. Baba kuwa ya tafi da zatonsa a kaina, kuma ba ni da hanyar da zan gyara shi.

Ki kula da karatu.

Yayanki.